Geron da Baba Ya Binne a Awali

Shekarar da ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye, ina aiki a ɗakin magani na wani asibiti a Madina. Ni da maigidana da yaranmu muna zaune a Harra ta Gabas, a wani tsohon bene mai ƙunci. 'Yan'uwana a gida sun yi iya ƙoƙarinsu, amma duk sanda na kira waya sai in ji muryar Baba tana ƙara yin nisa. Na nema masa bizar ziyara, na je ƙauye na ɗauko shi da kaina. A lissafina, 'yan watanni na gashi da motsa jiki sun isa ya koma gida da ƙafarsa. Nasa lissafin daban ne, kuma bai ɓoye mini ba. Muna sauka daga jirgi, ana tura shi a keke, ya ɗago kai ya ce, "Uwata, Allah ya yi miki albarka. Kin kawo ni inda za a rufe ni."

Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma kowa a gidanmu ya yarda har zafin kanta na gada. Ran nan dai na haɗiye maganata, na ce amin.

Likitoci sun duba shi, suka ce ƙafar ba ta mutu ba, hannun ma da sauran rai a cikinsa, aiki kawai suke so. To aikin ne Baba ya ƙi. In mai gashi ya ɗaga ƙafar ya ce ya riƙe, sai ya sake ta ta faɗi kamar ba tasa ba. Na saya masa sanda mai ƙafa huɗu, ya mai da ita wurin rataye hula. Abinci kuwa sai ya tsakura ya ture kwano. Abu ɗaya yake nema da bakinsa, a kai shi Harami. In an idar da salla sai ya ce a tura shi ta gefen Baƙi'a, ya tsaya yana leƙen maƙabartar kamar mai duba filin da ya saya.

Ba na jayayya da mai son a rufe shi a Madina, ni ma ina roƙon Allah hakan. Gaggawar ce take ƙona mini rai. Mutumin da ya yi shekaru yana noman da ya ciyar da mu, ya biya mini karatu da buhunan gero da gyaɗa, shi ne yanzu yake zaune yana jiran mutuwa alhali ƙafarsa na motsi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka a banɗaki na wanke fuska na fito. Maigidana ya ce in bar tsoho ya huta. Na ce masa in nasa uban ne ya bar shi.

Akwai wani mutumin Damagaram da ke aiki a wata gonar dabino a Awali, yakan kawo mana na'ana'a da albasa in ya shigo gari. Da ya ji akwai tsohon manomi a gidanmu, sai ya nemi izinin mai gonar, ya ce mu kawo Baba ya sha iska. Baba ya ce ba ya so. Na sa aka ɗora shi a mota duk da haka, na tuƙa mu zuwa can wata Asabar bayan la'asar, cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ya fara nuna halinsa amma bai gama fitowa ba.

Gonar a kewaye take da katanga. Dabinai jere, 'ya'yansu kore ƙanana, a ƙarƙashinsu kuma fangalin ciyawar dabbobi da na'ana'a, ruwa na bi ta tiyo. Ina tura keken Baba a kan wata 'yar hanya, shi kuma ya sunkuyar da kai yana jan carbi, ko kallon shukar bai yi ba. Sai ƙananan tsuntsaye suka ɓarke da hayaniya a gabanmu, suna tashi suna sauka kamar an jefa musu dutse. Wani abu mai launin toka ya gifta ƙasa-ƙasa, ya sauka a kan busasshen reshen dabino.

"Tsaya," in ji Baba.

Rabon da in ji wannan muryar tun kafin ciwon. Na taka birki da ƙafa har keken ya girgiza.

Tsuntsun bai fi kurciya girma ba, sai dai wutsiyarsa doguwa ce. Bayansa toka-toka, cikinsa fari da baƙin zane a kwance, idonsa da zobe ruwan ɗorawa. Ya saki fukafukansa ƙasa kamar wanda riga ta yi wa yawa. Ni da na gan shi shaho na zata, kuma ashe abin da ƙananan tsuntsayen suka zata ke nan. Muna kallo ya diro cikin ciyawa, ya ɗauko gizaka, wannan tsutsar mai gashi da ko kaza ba ta ci, ya koma reshe ya bubbuga ta ya haɗiye.

"Mai kiran ruwa ne," in ji Baba. "Wallahi shi ne. Me ya kawo shi nan?"

Ban san sunan da wasu garuruwa ke kiransa da shi ba, mu dai a ƙauyenmu haka ake ce masa. Ba ragon maza ba ne, ko da yake an ce danginsu ɗaya. Shamuwa kowa ya san ta da albishir ɗin damina, har yara na yi mata waƙa, amma Baba bai taɓa yarda da ita ba. Yakan ce shamuwa tana iya zuwa ta zauna ta yi ta jiran ruwa tare da kowa. Wanda ya yarda da shi shi ne wannan. In bazara ta yi tsanani, ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta ba takalmi, sai wata safiya a ji shi daga kan gawo yana kuka sau biyu-biyu, hu-hu, hu-hu. Tsofaffin matan garinmu sukan ce aiken sa aka yi ya kira ruwa, shi ya sa aka yafe masa ginin sheƙa, sai ya je ya ajiye ƙwansa a sheƙar wani tsuntsu a rainar masa. Ranar da Baba ya ji wannan kukan, ranar yake ɗaukar sungumi ya tafi binne.

Binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. A sara rami, a jefa gero, a rufe da diddige, a koma gida a jira. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, mai binne ya riga kowa, geronsa na tsirowa wasu na neman iri. In ruwa ya yi jinkiri kuwa, tururuwa da zafin ƙasa su cinye rabonsu. Baba ya yi suna da binne a garinmu, kuma yana alfahari da cewa bai cika faɗuwa ba.

Ya juyo ya dubi mutumin Damagaram. "Kana da sungumi?"

"Baba, nan mazra'ar dabino ce, ina za a samu sungumi? Amma ma fi mushkila, ba matsala, in ɗaura ƙaramar fartanya a doguwar sanda."

"Ɗaura. Uwata, geron da na zo da shi na kunu, da saura?"

Na ce da saura. Na san sarai Madina ba ta da damina. Ruwa yakan zo jefi-jefi, wata shekarar ya cika kwari, wata shekarar ko ƙura bai kwantar ba. Amma mutumin da ya yi watanni bai nemi komai ba sai kabari yau yana neman iri. Ko dutse ya ce a shuka masa, da na nemo.

Mai gonar ya yi dariya da aka gaya masa, ya ba mu wani lungu can ƙarshen gona, jikin katanga, inda tiyo ba ya kaiwa. Washegari muka koma. Baba na zaune a keke yana ba da umarni, mutumin Damagaram na sara, ni kuma ina biye da shi da abayata da takalmin aiki, ina jefa iri ina rufewa.

"Uwata, shuka kike yi ko sadaka? Da yatsu uku ake ɗiba! Ke kuma rufe shi da diddige, ba da yatsun ƙafa ba, sai ka ce mai tsoron ƙasa."

Na yi digiri biyu, ina auna maganin da in an kuskure kaɗan rai zai tafi, amma ran nan an zage ni tas a kan ƙwayar gero, kuma daɗi ya kusa kashe ni.

Da muka gama, mutumin Damagaram ya ce, "Baba, in ƙara tsawon tiyo in ba shi moya?" Ruwa yake nufi.

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ɗan manoma ne kuwa? Wa ya taɓa shayar da binne? Ruwa na tafe. Kada wanda ya zuba masa ko ɗigo."

Daga ranar kullum sai na kai shi Awali bayan na tashi daga aiki. Yakan sa a juya masa keke ya fuskanci gabas, don daga can hadari ke tasowa a garinmu, ya zauna yana duban sama. Sama kuwa fes, ko gajimaren kunya babu. Tsuntsun ya yi 'yan kwanaki a gonar, yana cin gizakarsa, bai ce uffan ba. Baba ya ce gajiyar tafiya ce, zai yi kuka. Wata rana muka zo babu shi, kuma bai sake dawowa ba.

Ni dama na ɗauki hotonsa a waya, na yi bincikena. Ashe su biyu ne masu kama da juna kamar tagwaye. Namu na gida shi ne mai kuka a bakin damina. Wannan kuwa ɗan'uwansa ne matafiyi, Larabawa na ce masa waƙwaƙ. Yakan yi lokacin sanyi a dazuzzukan Afirka, in zafi ya gabato ya kama hanyar arewa, ya ƙetare hamada da teku zuwa Turai da ƙasashen da ke bayanta, can yake kuka, can yake ajiye ƙwai. Nan ƙasar zango ce kawai a wurinsa, ya ci ya huta ya wuce, bakinsa a rufe. Na riƙe wannan labari a cikina kwana da kwanaki, ina tsoron in na faɗa Baba zai koma wa carbinsa da bangon Baƙi'a. Amma ba na iya ganin ubana yana kallon gabas kamar wanda aka yi wa alkawari. Wata yamma na durƙusa gefen kekensa na gaya masa duka.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Su mutanen can, in sun ji kukansa me suke cewa?"

Na ce, "An ce murna suke yi, wai sanyi ya wuce, lokacin shuka ya zo."

"To ai aikin nasa ke nan. Ba ƙarya ya yi ba." Sannan ya ƙara, "Kuma shi ma a sheƙar wasu yake zuba ƙwai?"

Na ce haka aka ce.

"Kamar ku ke nan. Kun zo kun haihu a ƙasar mutane, in na yi wa jikokina Hausa su amsa mini da Larabci."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Idonsa na kan ƙasa. Na bi inda yake kallo, sai na ga layin tururuwa ya fito daga gindin katanga ya nufi ramukanmu, wasu na dawowa kowace da ƙwayar gero a baki. Fuskar Baba ta canza. Na taɓa ganin wannan fuskar ina yarinya, shekarar da shanu suka shiga masa gona.

"Bai yi kuka ba," ya ce a hankali. "Tsuntsun bai ce mini komai ba. Ni na gan shi na yi masa magana a baki." Ya ɗago. "Uwata, ɗebo ruwa ki zuba wa irin nan kafin su kwashe shi."

Ban shirya abin da na faɗa ba, daga cikina ya fito. Na miƙe na ce, "Ba zan zuba ba, Baba."

Mutumin Damagaram ya zabura zai nufi famfo. Na ce masa in ya taɓa bokiti, ni da shi ne har abada. Ya tsaya cak, yana duban wannan yana duban wancan.

"Ni kike gaya wa ba za ki zuba ba?"

"Kai ka ce kada wanda ya zuba masa ko ɗigo, kowa ya ji. Ni ban binne gero a Madina ba, kai ka binne. Ga famfo can, ga buta, ga sandarka a mota. In ka bar shi tururuwa su cinye, sai in kira gida in ce Baba ya yi binne ya faɗi."

Ban taɓa yi wa mahaifina magana haka ba, kuma na san in abin bai yi ba, na ɓata da shi ke nan a kwanakin da yake ganin su ne na ƙarshensa. Ya dube ni tsawon lokaci.

"Halin uwata sak," ya ce. "Ita ma haka ta addabi mutane. Kawo sandar."

Na ruga na ɗauko. Ya kama ta da hannun dama, ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa, ya koma. Na sa hannu zan tallafe shi, ya ce in na taɓa shi zai saɓa mini. A yunƙuri na gaba ya miƙe, yana karkarwa kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, ya tsaya. Ashe na manta tsawonsa. Watanni ina kallon tsakiyar hularsa daga sama, yau ga ni ina ɗaga kai.

Famfon ba shi da nisa ga mai lafiya, amma Baba ya daɗe kafin ya kai. Yana jefa sanda, ya ja ƙafar hagu, ya tsaya ya huta. Da ya isa sai wata matsalar ta taso, hannun dama na riƙe da sanda, buta kuma sai dai hagu. Mutumin Damagaram ya zuba ruwa rabi, ya saƙala masa hannun butar a yatsu. Ta faɗi. Aka sake, ta sake faɗi, ruwa ya jiƙa masa wando. Baba ya ce wa hannunsa wata kalma da ban taɓa jin ta a bakinsa ba, ya matse yatsun, butar ta tsaya. Ranar ramuka kaɗan ya shayar, magariba ta riske mu, ya zube a keke gumi ya jiƙa masa riga. A mota bai kula ni ba. Da muka isa gida ya cinye tuwonsa tas, ya ce a ƙaro miya.

Ni kuwa na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi rawa. Mace da 'ya'yanta, da abaya duk ƙasa, ina rawa ni kaɗai ba kiɗa. Maigidana ya leƙo ya ce lafiya, na ce masa ya je ya tambayi tsohon da ya ce a bari ya huta.

Fushin Baba ya yi kwanaki, kuma na lura fushin ne ke ɗaga shi, don haka ban yi gaggawar ba shi haƙuri ba. Kullum da yamma yana kan hanyar famfo da butarsa. Ya faɗi sau ɗaya, ya zauna daɓas a cikin na'ana'a, ya hana kowa ɗaga shi. Buta ta tashi daga rabi ta koma cike. Da ya ga hannun na ba shi wahala, shi da kansa ya ce a mai da shi wurin mai gashin nan, yana da tambaya. Mai gashin ya kira ni gefe ya ce me muka ba tsohon nan. Na ce gero.

Rabin ramukan tururuwa sun riga sun gama da su. Sauran kuwa, wata yamma muka tarar sun tsago ƙasa, tsiro siriri kore kamar allura, jere a gindin katanga. Baba ya tsaya a kansu yana kallo. Mutumin Damagaram ya yi ta kabbara, har mai gonar ya zo ya ɗauki hoto, yana ce wa Baba shaihin manoma. Ban ɓoye hawayena ba ran nan, na bar su suka zuba a gaban kowa.

Gero ya kai gwiwa lokacin da zafin Madina ya kai inda ko tsuntsu ba ya fita da rana. Baba ya riga ya bar keke a gida, sanda mai ƙafa huɗu ma ya canza ta da ta icce wadda mutumin Damagaram ya sassaƙa masa. Wata yamma yana tsuge ciyawa da hannun hagu, ni ina zaune a kan bulo ina amsa saƙonnin aiki, sai ya ce ba tare da ya juyo ba, "Uwata, ki nema mini jirgi."

Na ce, "Jirgin ina, Baba?"

"Na gida mana. Na yi waya da ƙaninki, ya ce mai kiran ruwa na can ya fara kuka a kan gawo tun shekaranjiya, su kuwa suna zaune suna shan shayi. Yaran nan ba su iya tazarar rami ba, in ban je ba za su lalata mini gona. Wannan na nan na bar wa ɗan Damagaram, ya san abin da zai yi."

Na ajiye wayar. Bakina ya so ya yi shiru, amma halina bai bari ba. Na ce, "To Baƙi'a fa?"

Ya miƙe a hankali, ya dafa sandarsa, ya kakkaɓe ƙasar hannunsa a jikin riga.

"In Allah ya rubuta mini ita, zan dawo in same ta, ba inda za ta je," ya ce. "Ki duba mini na jibi, in akwai wuri kusa da taga."